Kyamarar Likitan Haƙori

Fuskar Mama ta fara ɓace mini tun kafin a gama mayar da kujerun da aka aro saboda masu zuwa gaisuwa. Muryarta tana nan, hannayenta suna nan, har tabon ƙunar da ke bayan hannunta na dama ina ganinsa. Amma in na rufe ido na ce bari in ga fuskar, sai in ga ɗankwali da kunne da wuya, tsakiyar kuma wayam. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni haushi, domin ni 'yar mai hoto ce. A shagon hoto na tashi, yanzu ma ni ce a gaban kwamfutar shagon, ina gyara fuskokin mutanen da ban sani ba ina wanke musu. Da wuya ka shiga wani gida a unguwarmu ba ka ga aikin Baba a bango ba, amma matarsa ba ta da hoto.

Akwai guda ɗaya, na katin shaida, wanda dole ce ta sa ta tsaya. Ta ɗaure fuska, ta zare ido, kai ka ce an kama ta da kayan sata. Wannan matar ban san ta ba.

Ba wai ta raina sana'ar ba ce. Cewa take da zarar an sa mutum a firam an daina kallonsa. "Shiga gidan kowa ki gani, Auta," in ji ta. "Hoton yana bango, ƙura ta rufe shi, mai hoton kuma tana kicin ba mai ɗaga ido ya dube ta. Ni a kalle ni da rai." Na yi roƙo, na yi fushi, na yi dabarar ɗaukarta da waya a ɓoye. Ko ta baya na biyo sai ta ji a jikinta, ta ɗaga faranti ko gefen mayafi ta kare. Ina da hotunan faranti sun fi a ƙirga.

Kuma ta san aikin fiye da yawancin masu rataya kyamara a wuya. Farkon aurensu ita ke riƙe wa Baba jaka da fitila in an kira shi biki. A lokacin yana amfani da wata tsohuwar kyamarar fim irin wadda ba ta cikin idonta ake leƙawa ba, akwai wata 'yar taga daban a gefe. Matsalar irin wannan kyamara ita ce ko da murfi a rufe a kan idonta, mai ɗauka yana ganin komai tas ta tagarsa. Wanda ke tsaye a gabansa ne kawai zai ga murfin. Baba kuwa in ya ga haske mai kyau mantawa yake da sunansa ma. Saboda haka Mama takan tsaya a bayan mutanen da za a ɗauka, idonta a kan kyamarar, in ta ga abin a rufe ta ɗaga murya: "Murfi, Mai Hoto!" Daga baya kyamarori suka sauya, aka zo da waɗanda in murfi na rufe baƙi kake gani, amma kalmar ta zauna a gidanmu. Ka fita ba makulli, murfi. Ka bar tukunya a wuta, murfi. Yayana ya taɓa tafiya jarrabawa ba biro, tun daga bakin titi ya ji ta.

Kyamarar da nake son ba da labarinta ta zo shagonmu ne lokacin da asibiti suka sallamo Mama suka ce a ci gaba da kula da ita a gida, mu kuma duk mun san ma'anar hakan. Likitan haƙorin da ke saman benen da ke kallonmu ne ya shigo da ita, a cikin akwatin katako mai laushin ciki, ya ajiye a kan kantar shago a hankali. Ya ce 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera a duniya, kowacce da lambarta a zane a saman ƙarfen. Ya ce ya ɗauki 'ya'yansa da ita duk sun fito dishi-dishi, yana son Baba ya gwada ya gaya masa ko shi ne ko ita ce.

Da rana shagonmu majalisa ne. Kawu Mai Gyara, wanda shagonsa ke manne da namu, kullum yana nan da tabarau a goshi. Sai Mai Biki, wanda ya koyi aiki a hannun Baba ya kuma fi shi kayan aiki yanzu, sai Ɗan Jarida, da ya yi ritaya daga ɗaukar hoto amma bai yi ritaya daga gardama ba. Likita yana fita suka yi wa akwatin ca.

Mai Biki ne ya fara juya ta ya ga bayanta. "Ina allon?"

"Babu," in ji Kawu Mai Gyara. "Da gangan suka cire."

"Kyamarar zamani mai memori, a ce ba inda za ka duba abin da ka ɗauka? Ba ta nemo fuska da kanta, ba ta jawo nesa, ba ta bidiyo. Amarya ta ce nuna mini, in ce mata me? Ta dawo gobe?" Ya ajiye ta, ya goge hannu a wando. "Ko kyauta aka ba ni ba zan je aiki da ita ba."

"Wa ya ce maka don aiki aka yi ta?" Ɗan Jarida ya ɗauka ya rataya a wuya, ya juya wajen madubin da masu ɗaukar fasfo ke gyara kwala. "Wannan sarƙar wuya ce ta maza. Ana saya ne don a gan ka da ita. Duk wanda ya saye ta, ka bincika, ko haƙori yake cirewa ko fili yake sayarwa." Yana faɗin haka yana shafa fatar da aka lulluɓe ta da ita, kuma sai da Kawu ya miƙa hannu sau biyu kafin ya cire ta daga wuyansa.

Kawu Mai Gyara ya sauke tabarau ya duba ta ciki da bai. "Kayan cikinta ɗaya ne da na 'yar'uwarta da ake sayarwa ko'ina. Fenti aka sauya, aka cire allo, aka ninka kuɗi. An rage maka abu, an ce ka biya ladan ragin." Sai ya kai ta kusa da kunne ya danna maɓallin. Wani ɗan sauti ya fito, siririn gaske, kamar an karya tsinken ashana a ɗaki na gaba. Ya sake dannawa. "Amma wanda ya haɗa wannan ƙarfen ya san Allah ya yi masa hannu."

Sai da kowa ya gama Baba ya miƙa hannu. Ya karɓa, ya kai ido kan 'yar tagar, nan take na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya kira ni in leƙa. A tsakiyar tagar akwai wani ɗan fili mai haske, a cikinsa na ga Kawu ya zama biyu, ɗaya na gaske, ɗaya kuma fari-fari a gefensa kamar inuwarsa ta tashi tsaye. Baba ya ɗora yatsana a kan zoben da ke jikin idon kyamarar ya ce in murza. Ina murzawa inuwar ta taho a hankali ta shige cikin Kawu, suka zama mutum ɗaya.

"In sun haɗe, hoton ya fito," in ji shi. "Irin tawa ce ta da, Auta. Sak."

"To, Maigida, mene ne ra'ayinka?" Mai Biki ya tambaya.

"Ku kuna danna maɓalli ku sunkuyar da kai kan allo, mutumin yana gabanku yana yin abin da ya fi kyau ba ku gani ba. Wannan ba ta bar maka abin dubawa ba sai mutumin."

Ɗan Jarida ya ce wannan zancen masu sayar da ita ne, Baba ya haddace musu kyauta. Aka yi dariya. Baba ya mayar mata da murfinta, ya sa ta a jakarsa, ya ce zai leƙa gida ya dawo.

Bai dawo ba sai dab da za mu rufe. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba, har wani saurayi-saurayi ya koma. Ya tsaya a ƙofa yana haki saboda sauri, ya ce, "Ta yarda."

"Wa ya yarda da me?"

"Mamanku. Na ɗauke ta."

Ya ce ya same ta a kujerarta ta baranda, rana ta yi sanyi, haske yana zuwa ta gefen hagu ta cikin labule. Ya fito da kyamarar don kawai ya nuna mata irin tasu ta da ta dawo duniya da tsada. Ya ɗaga ta a fuska da wasa, yana jiran ta kare da mayafi yadda ta saba. Sai ta tsaya tana kallon kyamarar, ta daɗe tana kallo. Daga nan ta fashe da dariya, irin wadda tun da ciwon ya kama ta ba mu sake ji ba, ta ce, "Ɗauka, Mai Hoto. Ɗauki son ranka." Har ta sa ya ɗauko mata 'yan kunnenta na aure ta saka, ta gyara ɗankwali, ta juya nan ta juya can. In ya sauke kyamarar sai ta ce a'a, mayar da ita, kalle ni da kyau. Ya ce ya yi ta ɗauka har hasken ya tafi.

Na ce ya ba ni memorin in buɗe yanzu-yanzu. Ya cire shi daga kyamarar, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun gaba. "Ba yanzu ba. Tana nan da ranta, me zan yi da hoto?" Washegari ya mayar wa likita kayansa, ya gaya masa kyamarar lafiyarta ƙalau, hannunsa ne ke buƙatar koyo.

Da na koma gida na yi mata ƙorafi. Na ce ni shekara da shekaru ina bin ta, amma kyamarar masu kuɗi na zuwa ta ba da kai. Ta yi murmushi ta ja kunnena, ta ce in je in duba ko an sauke ruwan zafinta. Wanda bai yi jinya ba ba zai gane ba, mai jinya ba fuska yake kallo ba. Hannu kake kallo ko ya kumbura, cokali kake kallo ko an shanye, ƙirji kake kallo ko yana motsi. Fuskar kuma ta rame har ina jin nauyin tsayar da ido a kanta. Hankalina a kwance yake, tunda na san akwai hotuna a aljihun Baba.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Ta tafi da hantsi, taga a buɗe, ana jin masu shara a titi.

Da mutane suka watse na tambayi Baba memorin, ya ce ba yanzu ba. Bayan wata ɗaya na sake tambaya, ya ce ba yanzu ba. Kullum hankicin yana aljihun gaba, in ya sauya riga ya sauya masa wuri, in yana magana hannunsa yana kai. Buɗewa ce ba zai iya ba, amma bakinsa bai gaji da zancen hotunan ba. A majalisa, ko zancen batir ake yi sai ya karkato da shi. Akwai wanda ta ɗaga haɓa, akwai wanda dariya ta sa ta rufe ido ɗaya, akwai wanda ta miƙo hannu kamar za ta karɓi kyamarar. Ya ce a duk aikin da ya yi a rayuwarsa babu kamarsu, kuma ba da wata kyamara zai iya samunsu ba sai waccan.

Mai Biki ya fara sassautowa, ya ce watakila dai akwai wani abu a gilashinta. Ɗan Jarida ya ce shi har gobe sarƙar wuya ce, amma zai so ya ga hotunan kafin ya mutu. Likita kuwa ya gaya wa Kawu ya sa ta a kabad mai gilashi ya kulle, don an ce in ba a taɓa ta ba darajarta ƙaruwa take. Wato a duk zamanta a garin nan, aikin kirki ɗaya ta yi, shi ne na barandarmu.

Ni kuma gidan ya fara yi mini wani iri. Kujerar baranda tana nan inda take, ba wanda ya iya matsar da ita, kuma da yamma in hasken nan ya shigo ta hagu sai ya kwanta a kanta daidai inda kan mutum zai kasance. Nakan tsaya in ƙura ido ko fuskar za ta dawo. Ɗankwali yakan zo, 'yan kunne sukan zo, ita ba ta zuwa. Wata safiya na ja ƙofa zan fita, na ji an ce "Murfi" daga cikin gida, a sarari, da muryarta, ba da ƙarfi ba. Na koma da gudu. Ba kowa a falo, ba kowa a baranda, makullaina suna kan tebur inda na manta su. Na ɗauka na fita.

Ranar ban iya aiki ba. Na bari sai da majalisa ta tashi, na je na durƙusa gaban kujerar Baba, na ce, "Baba, na manta fuskarta."

Ya dube ni kamar bai ji ba.

"Wallahi na manta. Ina rufe ido ba na ganinta. Kai kana da ita a ka, kana da ita a aljihu. Ni ba ni da komai sai hoton katin shaida. Ka ji tausayina."

Washegari da muka buɗe shago ya ciro hankicin ya ajiye kusa da kwamfuta, ya ce in na gama in zaɓi wanda ya fi kyau in kira shi. Ya ɗauki kujera ya fita ya zauna a bakin ƙofa, ya ba shagon baya.

Na sa memorin. Hotunan suka jeru a allo, ƙanana-ƙanana, layi bayan layi, kowanne baƙi. Na ce kwamfutar ce ba ta gama buɗe su ba, na jira. Na danna na farko ya cika allo, baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe. Na biyu haka, na uku haka. Na yi ta dannawa har na kai ƙarshe na dawo farko. Sai na ja hasken hoton zuwa iyakarsa, yadda nake yi wa hotunan da aka ɗauka a ɗaki mai duhu. Baƙin ya fashe ya zama tsaki-tsaki ja da kore, suna ta yawo a idona. Na ƙura musu ido har na fara ganin kafaɗa, na fara ganin karkatar wuya. Na mayar da shi baƙi, sai ga fuskar mace a tsakiyar allon tana kallona. Na zabura har kujera ta faɗi. Tawa ce, gilashin allon ne ya mayar mini da ita.

Na zagaya ta ƙofar baya na kira Kawu Mai Gyara. Ya zauna ya sauke tabarau, ya duba bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto.

"Memorin lafiya lau," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kyamarar ma ta yi aikinta, duk dannawar da ya yi ta buɗe ta rufe. Haske ne bai shiga ba, Auta. Ko ɗigo."

"Me zai hana haske shiga?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ni na faɗa da bakina, murfi, don na riga na sani tun kafin in kira shi.

"Ai akwai 'yar jar fitila a cikin tagar da ke gargaɗi," in ji Kawu, yana murza goshi. "Amma kin san babanki. Da ido yake auna haske, ya saita komai da hannu, ya ce fitilun nan na 'yan koyo ne. Shekara nawa rabonsa da kyamarar da ake mantawa da murfinta? Ga shi ba allo balle ya duba." Ya leƙa wajen ƙofa, ya rage murya. "Ki ce masa memorin ne ya lalace. Ni zan tsaya miki. Mu ɗora wa kyamarar laifi, dama ba mai ƙaunarta a nan. In ya san hannunsa ne, ba zai ɗauka ba."

Na buɗe baki zan ce to, sai hasken ƙofa ya ragu. Baba ne tsaye, ƙarar faɗuwar kujera ta shigo da shi. Ya taho a hankali ya tsaya a bayana yana kallon allon. Kawu ya fara cewa memorin zamani ba su da tabbas, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Lalataccen memori ba haka yake yi ba. Wuce na gaba." Na wuce. "Na gaba." Na wuce. Ya dafa bayan kujerata, na ji nauyinsa duka a kai. "Wannan baƙin na san shi."

Ya girgiza kai.

"A'a," ya ce. "A'a, ba zai yiwu ba. Ai da ta faɗa mini. Tana zaune a gabana, kamar daga nan zuwa kantar can. Yammaci guda tana kallon kyamarar nan. Matar da ko daga bayan taron biki take hango shi? Tun kafin in fara ma sai da ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi dar—"

Ya tsaya. Na juyo na ga bakinsa a buɗe, idonsa a kan allon amma ba shi yake gani ba. Kawu ya cire tabarau gaba ɗaya ya riƙe a hannu.

"Ta gani," in ji Baba. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban san ko dariya ba ce ko kuka. "Ta gani tun farko. Shi ya sa ta yarda. In na sauke sai ta ce mayar, kalle ni da kyau. Ni ina can ina murza zobe ina haɗa ta biyu ta zama ɗaya, ita tana kallon murfi tana dariya."

Ni ban ji dariya ba. Wani irin fushi ne ya taso mini da ban taɓa yi da Mama ba tana raye. Na ce ta san ba ni da komai. Na ce ta san zan nema. Kalma ɗaya ce, ta faɗe ta a kan makulli, ta faɗe ta a kan biro, ta faɗe ta a kan tukunya, ranar da ta fi kowace rana kuma ta haɗiye ta. Na ce shi ta ba shi yammaci guda, ni me ta bar mini? Ina faɗa ina kuka, ban damu da mutumin da ya leƙo neman fasfo ya juya ba.

Baba ya bari na gama. Ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya jawo ta kusa da tawa ya zauna. Ya ce, "Koma na farko."

Na koma. Allon ya yi baƙi.

"A nan ba ta saka 'yan kunnen ba tukuna," ya ce, ya nuna da yatsa a tsakiyar baƙin. "Ga goshinta, kin san yana da faɗi, ɗankwalin ya ɗan zame baya. Girar hagu ta fi ta dama tsayi, kullum kamar tana shirin tambayarki wani abu. Hasken yana nan, a kan kuncin nan. Akwai ɗan tabo ƙarƙashin ido, na ƙyanda, ƙarami. Kin gan shi?"

Na ce ban gani ba. Ya ce in bi yatsansa, ya sake farawa daga goshi. A karo na uku girar ta zo mini, ita kaɗai, a ɗage, sannan ta tafi.

Tun daga ranar, in majalisa ta tashi mukan ja kujeru gaban kwamfuta. Ban goge ko ɗaya ba, na ma kwafe su wuri uku. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, a jere yadda ya ɗauke su, ni kuma ina bin yatsansa. Yanzu ina da gira, ina da tabon, ina da yadda leɓenta na sama ke ɗagawa kafin dariya ta fito. Ba su haɗe sun zama fuska ɗaya ba tukuna. Mai Biki ya ce in ba shi hoton katin shaidar, akwai manhajar da za ta sa ta murmushi, na ce in ya sake faɗa kada ya ƙara shigo mana shago. Gardamar kyamarar kuwa ta mutu, ko likita ya wuce ba mai tayar da ita.

Jiya muka kai kan hoton da ta miƙo hannu. Na san shi ne, don ya sha ba da labarinsa a majalisa, kuma yana bin wanda ta rufe ido ɗaya. Na buɗe, na jira. Baba ya ɗaga yatsa ya kai kusa da allon, ya tsaya. Ya matso da kujera, ya goge ido da bayan hannu, ya sake dubawa. Na ga babban yatsansa da manuni suna murza iska a hankali, kamar akwai zobe a tsakaninsu. Ya daɗe a haka, har injin wanke hoto ya gama aikinsa ya yi shiru.

"Baba?"

Ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa.

"Wuce na gaba, Auta," ya ce.